Takardar Isiji da Zuciyar Ɗan Wasa: Nazarin Tsarin Tantancewa na Yankin Veneto

Ranar 18 ga Fabrairu 1982 Ma'aikatar Lafiya ta Italiya ta fitar da dokar da ta wajabta wa duk mai son shiga gasar wasanni ta hukuma, ƙwallon ƙafa ce ko tseren keke ko ninƙaya, ya sami takardar shaidar lafiya daga likitan wasanni kafin a yi masa rajista. A yawancin wasanni sai an sabunta takardar duk shekara. Dokar ta shafi ƙasar baki ɗaya, amma yanki ɗaya ne ya iya nuna wa duniya da alƙaluma abin da ta haifar, wato Veneto da ke arewa maso gabashin ƙasar, inda biranen Benis da Berona da Paduwa suke. Tun 1979, shekara uku kafin dokar, masana binciken gawa na Jami'ar Paduwa ƙarƙashin Gaetano Thiene suka fara tattara zuciyar duk matashin da ya faɗi ya mutu kwatsam a yankin, daga ɗan shekara 35 zuwa ƙasa, suna bincika ta a wuri ɗaya. Ke nan akwai lissafin kafin doka, akwai na bayanta, kuma an san abin da ya kashe kowane mamaci.

Abu na farko da wannan tattarawa ta bankaɗo shi ne wata cuta da likitoci ba su ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin. A 1988 Thiene da abokan aikinsa suka wallafa cewa cikin matasa 60 da suka mutu kwatsam, 12 tsokar ɗakin ƙasa na dama na zuciyarsu ta lalace, kitse da tabo sun maye gurbinta. Cutar ta gado ce, motsa jiki mai tsanani yana ƙara cin ta, kuma sau da yawa alamarta ta farko ita ce ta ƙarshe. A nan za mu riƙa kiran ta ciwon tabon ɗakin dama. 'Yar'uwarta wadda aka fi sani a Amurka ita ce ciwon kaurin tsokar zuciya, inda bangon ɗakin ƙasa na hagu ke yin kauri fiye da ƙima, zaruruwan tsokar kuma su cakuɗe. Dukansu biyu hanya ɗaya suke kashewa: lantarkin zuciya ya rikice, ɗakunan ƙasa su koma karkarwa maimakon matsawa, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa.

Abin da ake yi wa ɗan wasa

Matakin farko tambayoyi ne, kuma likitan da ya yi gaggawar tsallake su ya zubar da rabin aikin. Ka taɓa suma kana tsakiyar gudu? Ƙirjinka na ciwo in ka matsa? Kana riga abokan wasanka haki ba tare da dalili ba? Zuciyarka na fizgewa da gudu ta tsaya da kanta? A danginku akwai wanda ya mutu kwatsam kafin shekara 50, ko a barci, ko ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo? Suma bayan an tsaya daga gudu sau da yawa jini ne ya taru a ƙafafu, ba ta cika zama abin tsoro ba. Suma a cikin gudun kuwa, ana ɗaukar ta ta zuciya ce har sai bincike ya wanke ta.

Daga nan a duba jiki. A saurari ƙirji yana kwance, a sake saurara yana tsaye, domin ƙarar da kaurin tsoka ke haifarwa takan ƙaru idan mutum ya miƙe, ta ragu idan ya tsuguna. A taɓa bugun jijiyar makwancin cinya, saboda matsewar babbar jijiyar jini. A auna hawan jini da maɗauri daidai kaurin damtsensa, don ƙaramin maɗauri a babban damtse yakan ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. A lura da doguwar gaɓa da lotsattsen ƙirji irin na masu ciwon Marfan, cutar gado da ke raunana babbar jijiyar jini.

Sai abin da ya raba Italiya da sauran ƙasashe a lokacin: zanen lantarkin zuciya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira isiji. Ana manna wayoyi goma a jiki, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, su ba da mahanga 12 ta zuciyar, kowace da sunanta: I, II, III, aVR, aVL, aVF, sai V1 zuwa V6 na ƙirji. A Italiya akan ƙara da sa ɗan wasa ya yi hawa da sauka a benci na minti uku a sake zana masa, a auna ƙarfin huhunsa, a gwada fitsarinsa. Wanda aka ga wani abu tare da shi ne kaɗai ake turawa mataki na biyu: hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, na'urar da ake rataya wa mutum ta naɗi bugunsa na awa 24, gwajin gudu har ƙurewa, daga baya kuma hoton maganaɗisu, wato MRI.

Akwai abin da masu kwaikwayon tsarin ke yawan mantawa. Mai karanta takardar a Italiya likita ne da ya yi shekaru huɗu yana ƙwarewa a fannin lafiyar wasanni, yana ganin irin waɗannan takardu kullum, kuma idan ya sa hannu ɗan wasa ya mutu, kotu na iya kiran sa. Na'urar ba ta da tsada. Idon da ke karanta ta ne mai tsada.

'Yan Najeriya sun san amfanin wannan tsari ko da ba su san sunansa ba. A 1996, bayan Nwankwo Kanu ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta ya koma Inter Milan daga Ajax, gwajin lafiyar da aka yi masa a Italiya ne ya gano matsala a bawul ɗin babbar jijiyar zuciyarsa. An yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamba na shekarar, ya dawo ya buga ƙwallo fiye da shekara goma.

Abin da alƙaluma suka nuna

Domenico Corrado na Jami'ar Paduwa da abokan aikinsa sun wallafa sakamako biyu da har yau ake jayayya a kansu. Na farko a 1998: cikin 'yan wasa 33,735 da aka tantance a cibiyar Paduwa daga 1979 zuwa 1996, an gano 22 masu ciwon kaurin tsoka. Cikin 22 ɗin, 18 isiji ne ya tona su, biyar kacal ke da tarihin dangi ko ƙarar ƙirji da za a ji da kunne. An dakatar da su, an bi su kimanin shekara takwas, babu wanda ya mutu. A daidai wannan zango, cikin 'yan wasa 49 da suka mutu kwatsam a yankin, ɗaya ne kawai kaurin tsoka ya kashe, alhali a rajistar Barry Maron ta Amurka cutar ce ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan mutuwa.

Na biyu a 2006, shi ne wanda ya fi yin suna. Daga 1979 zuwa 2004, 'yan wasa 55 masu shekara 12 zuwa 35 suka mutu kwatsam a Veneto, maza 50, mata biyar. Yawan mutuwar ya sauka daga 3.6 cikin dubu ɗari a shekara a 1979 da 1980, zuwa 0.4 a 2003 da 2004. Ragin kashi 89 cikin ɗari ke nan. Matasan yankin da ba sa gasa, waɗanda ba a tantance su, nasu lissafin bai motsa ba, yana nan wajen 0.8. Mafi yawan ragin daga cututtukan tsokar zuciya ya fito, musamman tabon ɗakin dama, kuma a lokacin da mutuwar ke raguwa, yawan waɗanda ake ganowa da cutar a ɗakin gwaji yana ƙaruwa. Wannan haɗuwar ita ce hujja mafi ƙarfi da Paduwa ke da ita.

Farashin ma a rubuce yake. Cikin mutum 42,386 da aka tantance a cibiyar, 3,914 sai da aka tura su ƙarin bincike, wato tara cikin ɗari, kuma 879 aka hana su gasa, biyu cikin ɗari. Da yawa daga cikin waɗanda aka hana, da ba za su taɓa faɗuwa a fili ba. Babu wanda zai iya nuna su ɗaya-ɗaya, amma lissafi ya tabbatar suna ciki.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma maganarsu abin saurare ce. Zangon kafin doka gajere ne ƙwarai, idan aka yi rashin sa'a shekarun suka zo da mutuwa fiye da yadda aka saba, duk abin da ya biyo baya zai yi kama da nasara. Babu rukunin da aka ware da ƙuri'a aka ƙi tantancewa don a kwatanta. Maron ya nuna a 2009 cewa jihar Minesota, inda ba a yin isiji, lissafinta bai yi nisa da na Veneto a shekarun baya-baya ba. Isra'ila ta kafa irin wannan doka a 1997, binciken da aka wallafa a 2011 bai ga ragi ba, ko da yake shi ma daga rahotannin jaridu ya tattaro mamatansa, wanda rauni ne babba. A ganinmu ragin na Veneto gaskiya ne, amma lambar 89 ta fi ƙarfin hujjar da ke ƙarƙashinta. Sannan yankin yana da yawan cutar da isiji ke iya gani, likitocinsa kuma sun koyi ganin ta da shekaru. Lura da cewa ragin bai zo nan take a 1982 ba, a hankali ya sauko, ya fi bayyana bayan 1993. Na'urar ba ta canza ba a tsakani. Masu karatun ne suka goge.

Inda gizo ke saƙar

Zuciyar wanda ke atisaye awa huɗu ko fiye a mako ba ta zama kamar ta mai zaman ofis. Tana bugawa a hankali, wani lokacin 40 a minti yana hutawa. Ɗakunanta na faɗaɗa, bangonta na ɗan ƙara kauri, tsayin zanen da take yi a takarda na ƙaruwa. Duk wannan lafiya ce. Matsalar ita ce cutar ma haka take farawa a ido. Antonio Pelliccia ya auna manyan 'yan wasan Italiya 947 a Rum ya wallafa a 1991 cewa 16 ne kawai bangon zuciyarsu ya kai milimita 13 ko fiye, kusan dukansu masu tuƙin kwalekwale, kuma babu wanda ya wuce 16. Daga nan aka riƙe milimita 12 a matsayin iyaka.

Sai dai mutanen Veneto na wancan lokaci kusan duka Turawa ne, haka ma na Pelliccia. Da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar da ƙa'idojin karanta isijin 'yan wasa a 2010 bisa wannan gogewa, aka ɗora su a kan 'yan wasa baƙar fata a Ingila da Faransa, sai abu ya ɓaci. Rukunin Sanjay Sharma a Landan ne ya fi bin diddigin wannan. A 2008 sun auna baƙaƙen 'yan wasa maza 300: kashi 18 cikin ɗari bangonsu ya wuce milimita 12, a Turawa kuwa kashi huɗu, kuma kashi uku sun kai 15 ba tare da wata cuta ba. A 2011 Michael Papadakis ya duba 904, ya tarar kusan kashi 23 cikin ɗari tudun T nasu a kife yake, a Turawa bai kai kashi huɗu ba.

Wannan tudun T shi ne tsakiyar rigimar, don haka bari mu tsaya a kansa. A kowane bugu, takardar na nuna ɗan tudu na P lokacin da ɗakunan sama suka matsa, sai tsini mai tsayi na QRS lokacin da ɗakunan ƙasa suka matsa, sai layin ST, sai tudun T lokacin da tsokar ke komawa hutu. Wurin da QRS ya ƙare layin ST ya fara shi ake kira gaɓar J. A al'ada T sama yake kallo. Idan ya kife a mahangar gaban ƙirji, daga V1 zuwa V3 ko V4, wannan ita ce babbar alamar ciwon tabon ɗakin dama, wato cutar da likitocin Paduwa suka horu a kan farauta. To amma kimanin ɗaya cikin takwas na lafiyayyun 'yan wasa baƙar fata suna da kifaffen T a daidai waɗannan mahangar. Wanda ya karanta takardar yaro daga Kano ko Garwa da idon Paduwa na 1990 zai yanke masa hukuncin cutar da ba ya da ita.

Bambancin yana cikin abin da ya zo kafin T ɗin. A lafiyayyen ɗan wasa baƙar fata, gaɓar J tana ɗagawa sama da layin tushe da milimita ɗaya ko fiye, layin ST ya yi doro kamar bayan ƙwarya, sannan ya gangaro cikin kifaffen T, kuma abin ba ya wuce V4. A mai tabon ɗakin dama, gaɓar J tana kwance a kan layi ko ma ta ɗan nutse, T ya kife kai tsaye. Wani bincike na haɗin gwiwar Paduwa da Landan a 2016 ya tabbatar da cewa haɗuwar abu biyun, ɗagowar J da tsayawar kifewar a V4, tana kore cutar tsoka da ƙarfi sosai.

Akasin haka, idan T ya kife a mahangar gefe, wato V5, V6, I da aVL, launin fata ba ya wanke shi. Wannan ko a wane jinsi alama ce da sai an bi ta har ƙarshe. Kuskuren da ya biyo bayan gyaran farko shi ne wasu likitoci sun ji an ce kifaffen T al'ada ce ga baƙar fata, sai suka riƙa sallamar kowa. Ga shi kuma bincike a kan ɗaliban jami'o'in Amurka masu wasa daga 2003 zuwa 2013 ya nuna mutuwar kwatsam ta zuciya ɗaya cikin kimanin 54,000 a shekara ce gaba ɗaya, amma a baƙar fata ɗaya cikin kimanin 21,000. Waɗanda aka fi yi wa ƙaryar cuta su ne kuma suka fi mutuwa da ita.

Gyaran ƙa'idojin ya zo daki-daki. Nabeel Sheikh ya gwada su a 2014 a kan baƙaƙe 1,208 da Turawa 4,297. Ƙa'idar Turai ta 2010 ta ce kashi 40.4 cikin ɗari na baƙaƙen suna da matsala, Turawa 16.2. Ƙa'idar Siyatil ta 2013 ta sauko da su 18.4 da 7.1. Wadda rukunin Landan ya tace ta kai su 11.5 da 5.3, ba tare da ta rasa masu kaurin tsoka na gaskiya ba. A kan wannan aka gina ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2017, wadda ita ya kamata duk mai karanta isijin ɗan wasa ya ajiye a kan teburinsa.

Ta raba abin da ake gani gida uku. Gidan lafiya, wanda ba ya buƙatar komai idan babu alama ko tarihin dangi: bugu mai jinkiri har 30 a minti, tazarar PR, wato tsakanin farkon P da farkon QRS, daga 200 zuwa ƙasa da 400 na dubun daƙiƙa, tsayin QRS shi kaɗai, salon baƙar fata da muka bayyana, da kifaffen T daga V1 zuwa V3 a yaron da bai kai 16 ba. Gidan tsakiya, irin su karkatar akalar lantarki hagu ko dama, alamar faɗin ɗakin sama, da cikakkiyar toshewar reshen dama na hanyar lantarkin zuciya: ɗaya ba komai, biyu a tura eko. Gidan haɗari: kifaffen T mai zurfin milimita ɗaya a mahanga biyu maƙwabta, ban da aVR da III da V1, nutsewar ST da rabin milimita, Q mai faɗin 40 na dubun daƙiƙa ko wanda ya kai rubu'in R, toshewar reshen hagu, QRS mai faɗin 140, PR ƙasa da 120 tare da gangaren delta a farkon QRS, QT, wato tazarar farkon QRS zuwa ƙarshen T, da aka daidaita da saurin bugu ya kai 470 a namiji ko 480 a mace, salo na ɗaya na Brugada, wata cutar lantarkin zuciya ta gado, da bugun ɗakin ƙasa da ya yi riga-malam-masallaci sau biyu ko fiye a zanen daƙiƙa goma.

Kafin a zargi zuciya, a zargi waya

Kaso mai yawa na takardun da ke tayar da hankali daga hannun mai manna waya matsalar ta fito. V1 da V2 wurinsu tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar ne, dama da hagu da ƙashin ƙirji. Ana gano wurin ta hanyar laluba ɗan tudun da ke saman ƙashin, wanda ke daidai haƙarƙari na biyu, a ƙirga zuwa ƙasa. Masu gaggawa sukan manna su can sama kusa da wuya, sai takarda ta fito da kifaffen T da siffar toshewar reshen dama, wani lokacin har da abin da ya yi kama da Brugada. V4 yana tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida daidai tsakiyar ƙashin wuya, V5 da V6 a jere da shi a kwance, ba su bin lanƙwasar haƙarƙari. Idan aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, mahanga I takan kife gaba ɗaya har da P, wannan kaɗai ya isa ya sa a sake.

A duba ma'aunin da ke gefen takarda: gudun milimita 25 a daƙiƙa, tsayin milimita goma a milibolt ɗaya. A bar ɗan wasa ya huta minti biyar a kwance, kada a zana masa yana fitowa daga atisaye ko yana zazzaɓi. Fassarar da na'ura ke bugawa a saman takarda an gina ta ne a kan marasa lafiya masu shekaru, kusan kullum za ta ce ɗan wasa yana da kaurin zuciya ko ma ya taɓa samun bugun zuciya, don haka a rufe ta da hannu a karanta zanen. QT kuwa a auna shi da hannu a II ko V5, kada a haɗa da ɗan tudun U. Lissafin Bazett, wanda ake daidaita QT da saurin bugu da shi, yana ƙara wa QT tsawo idan bugu ya wuce 90, yana rage shi idan ya gaza 50. Mai jinkirin bugu a sa shi ya ɗan motsa a sake, mai sauri a ba shi lokaci ya natsu.

Idan takarda ta tabbata

Bangon da ya faɗa tsakanin milimita 13 da 15 shi ne ke hana likita barci. Abubuwan da ke raba gardama ba ɗaya ba ne, tara su ake yi. Zuciyar atisaye tana kauri tare da faɗin ɗaki, sau da yawa milimita 55 ko fiye, kuma kaurin daidai yake ko'ina. Ta mai cuta ɗakinta ƙarami ne, kaurin a wani sashe ya taru, kuma ba ta sakin jiki da kyau lokacin cika. Ɗan wasan da ke iya amfani da iskar oksijin fiye da mililita 50 a kowane kilo a minti ya fi kusa da lafiya. A yi wa iyaye da 'yan'uwa isiji da eko, domin cutar gado ce ta rabi da rabi. In abin ya ƙi warwaruwa, a dakatar da atisaye na kimanin wata uku: kaurin atisaye yakan ragu da 'yan milimita, na cuta yana nan. Wannan shi ne gwajin da ƙwararren ɗan ƙwallo ya fi ƙi, don wata uku babban kaso ne na kakar wasa.

Eko yana da makanta a ƙarshen tsinin zuciya da bangon gefe, kuma a nan ne kaurin da ke haifar da kifaffen T na gefe yakan ɓuya. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan 'yan wasa 155 masu kifaffen T irin na gidan haɗari ya gano cuta a kashi 44.5 cikin ɗari, kuma da yawa eko ya ce lafiya lau suke, hoton maganaɗisu ne ya nuna. Saboda haka mai kifaffen T na gefe, ko da eko ya wanke shi, yana buƙatar hoton maganaɗisu da allurar da ke haska tabo. Idan shi ma bai nuna komai ba, ya ci gaba da wasa, amma a riƙa duba shi duk shekara, domin lantarki kan riga tsoka nuna cuta da shekaru.

Abin da takarda ba ta gani

Jijiyar shayar da zuciya da ta tsiro daga wurin da ba nata ba, ta bi tsakanin manyan jijiyoyi biyu, isijinta na hutu lafiya lau yake fitowa. Haka farkon toshewar jijiya da kitse, haka faɗaɗar babbar jijiya. Kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cuta ke kawowa bayan mura ko zazzaɓi yana iya zuwa mako biyu bayan an ba mutum takardar lafiya, shi ya sa ba a barin mai zazzaɓi ya yi atisaye, wanda aka tabbatar masa da kumburin kuma ya huta wata uku zuwa shida. A ƙasashenmu dole a ƙara da bawul ɗin da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata, wanda kunne da eko ke kamawa fiye da isiji, da hawan jini da ke fara cin mutane tun suna samari.

Ingila ta ba da darasi mai ɗaci a 2018. Hukumar ƙwallonta ta tantance yara 11,168 masu kimanin shekara 16 da isiji da eko tare, daga 1996 zuwa 2016. An gano 42 da cututtuka masu haɗari. Duk da haka takwas sun mutu da zuciya daga baya, shida daga cikinsu gwajinsu bai nuna komai ba, kuma a matsakaici kusan shekara bakwai ce tsakanin gwajin da mutuwar. Cutar gado ba lallai ta bayyana a 16 ba. Veneto ta amsa wannan da nata alƙaluman a 2023: cikin yara 22,324 da aka riƙa tantancewa a Tirebiso, an gano 69 masu cuta mai haɗari, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a zuwan farko aka gano su ba. Maimaitawar shekara-shekara da dokar 1982 ta tilasta, wadda wasu ke gani ɓarnar kuɗi, ita ce ke kamo mafi yawa.

Ita kanta Italiya ba ta tsira ba. Ranar 14 ga Afrilu 2012 Piermario Morosini na Livorno ya faɗi a filin Peskara yana da shekara 25, da takardar lafiyarsa a hannu, binciken gawa ya nuna ciwon tabon tsoka. Bayan mutuwarsa ne aka yi dokar da ta wajabta wa ƙungiyoyin wasanni mallakar na'urar farfaɗo da zuciya da horar da mai amfani da ita. Afirka ta riga ta ga irin wannan: Samuel Okwaraji a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 a wasa da Angola, Marc-Vivien Foé na Kamaru a Liyon ranar 26 ga Yuni 2003, wanda aka tarar yana da kaurin tsoka, da Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020. Christian Eriksen kuwa, da ya faɗi a Kofanhegan ranar 12 ga Yuni 2021, an fara danna masa ƙirji nan take, aka buga masa lantarki sau ɗaya ya dawo. An dasa masa na'urar farfaɗo da zuciya a ƙirji, dokar Italiya ta hana shi ci gaba da Inter da ita, ya koma Brentford a Ingila a Janairun 2022. Ƙasashe biyu, zuciya ɗaya, hukunci biyu, kuma har yanzu ba a daidaita ba.

A bakin fili ƙa'idar gajera ce. Ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, bai amsa kira ba, zuciyarsa ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Kusan rabinsu sukan yi fizge-fizge kamar farfaɗiya, da yawa kuma suna jan numfashi mai gurnani, idanu a buɗe, waɗannan ne ke yaudarar mutane su tsaya fifita da yayyafa ruwa. Cusa cokali ko yatsu a baki don kada ya haɗiye harshe ɓata lokaci ne, harshe ba ya haɗiyuwa. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ana canza hannu duk minti biyu. Wani ya ruga ya ɗauko na'ura, a share gumi, a manna faifai ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata, a bi umarnin muryarta. Burin shi ne lantarki ya shiga cikin minti uku, domin kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana cin kashi bakwai zuwa goma cikin ɗari na damar rayuwa. Kada a ɗauke shi a guje zuwa mota kafin a buga, a fili ake farfaɗowa.

Ƙungiyar da kuɗinta ba zai kai duka biyu ba, shawararmu ta fara da na'urar farfaɗowa da horar da koci da mai tausa da alƙalin wasa, sannan ta nemi likita ɗaya da ya san ƙa'idar 2017 ta riƙa tura masa takardu, ko da ta waya ce. Na'urar kuma tana son kulawa: faifanta yana da ranar lalacewa domin man jikinsa na bushewa, zafin cikin mota a rufe yana saurin kashe shi da batirin, kuma wurinta gefen fili ranar atisaye da ranar wasa, a hannun wanda aka ambaci sunansa kafin a busa usur.